Ranar da Harshena Ya Ƙi Kalmar Shahada

Malam Edita, ina yi maka sannu da aiki, ina kuma roƙon ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina dakonsa ni kaɗai. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya ruga sayen keke da rediyo, ni matashin magidanci ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Kazaure. Aurena sabo, sana'a tana ci, ga baki kamar reza. Rumfata ba ta rabuwa da samari da kiɗa tun safe har la'asar. Mutum zai taho tun daga Kanya Babba ko ƙauyukan Babura da akwatin rediyonsa a naɗe cikin mayafi kamar jariri, ya ce mini ta mutu, ni kuwa ko buɗe ta ban yi ba sai in ce masa batir ne. Sau da yawa kuma batir ɗin ne. Na faɗi maganar nan har ta zame mini suna, in na wuce yara su bi ni da ita, ni kuma ina jin daɗi, don a ganina babu abin da zai lalace a duniya ban san kansa ba.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a ƙauyenmu ta wajen Gwiwa, a gidan ƙanin mahaifina, Baffa, wanda shi ya riƙe ni har na yi hankali. Ni ne ɗan farin Inna, kuma ni kaɗai ne namijin da Allah ya bar mata, daga ni sai ƙanwata. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama ta yi hira da ni. In na kai mata tsaraba sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwata a gaya wa wancan an gode. Baffa kuwa mutum ne mai tsoron Allah, mai gaskiya har gaskiyar ta yi masa yawa, irin mutanen da ko don a kwantar wa mutum da hankali ba sa iya lanƙwasa magana. Bai taɓa son sana'ata ba. Yakan ce abin da mutum ya cika kunnensa da shi yana raye, shi zai cika masa baki ranar mutuwa. Ni kan sunkuyar da kai in ce na ji, in na fita in yi dariyata. Ina salla, ina azumi, ban ga abin tsoro a maganar ba.

Da abin hannu ya samu sai na sayi babur, kuma a lokacin wa ya san wata hular kwano. Wata ranar kasuwar Roni ina dawowa da la'asar, ina gudu irin na mai sabon abu, na sha wata kwana tsakanin duwatsu sai ga garken shanu suna tsallaka hanya. Abin da na gani na ƙarshe wata farar saniya ce ta ɗago kai tana kallona. An ce kaina ya bugi dutse ta ɓangaren hagu. An ce wani direba ne ya gane ni, ya ga yadda jini ke zuba ta kunne, ya ce wannan ba na asibiti ba ne, a kai shi ya cika a ɗakinsa. An ce na yi kwanaki. Duk wannan an ce ne, domin ni tsakanin farar saniyar nan da farkawata babu komai. Ba duhu ba ne, don duhu ma ganinsa ake yi. Ba barci ba ne, don mai barci in ya tashi ya san ya ɗan jima. Zuciyata tana bugawa, ina numfashi, in an ɗura mini ruwa ina haɗiyewa, amma ni ba na nan. Har yau ban san inda na je a wannan gurbi ba.

Dawowar ma ba lokaci ɗaya na yi ta ba. Wari ne ya fara zuwa, warin man shanu da aka shafa mini a kai, amma ban san wa yake jin warin ba. Sai ƙara, sai ƙarar ta zama muryoyi, sai muryoyin suka zama magana mai ma'ana. A ƙarshe na tuna cewa akwai wani mutum mai gyaran rediyo, kuma ni ne shi. Na sami kaina a ɗakina an kwantar da ni a kan ɓarin dama ina fuskantar alƙibla, kamar yadda ake yi wa wanda ake jiran cikawarsa. Ɓarin daman nan kuwa kamar ba nawa ba, hannu da ƙafa sun zama itace. Ta tsagin idona da ya kumbura na hango matata a rakuɓe tana kuka, na ga Baffa a durƙushe wajen kaina, na ga gefen zanen Inna can bakin ƙofa. Da Baffa ya ga idona ya motsa sai ya ce wa mutane wannan farfaɗowar bankwana ce, a yi shiru. Ya sunkuyo ya fara laƙanta mini kalmar shahada a hankali, yana maimaitawa.

Wallahi, Malam Edita, tun kafin ya kai ƙarshenta na riga na faɗe ta a zuci. Tana nan cikakkiya, harafi bai ɓace ba, na san ma'anarta, na yarda da ita, kuma tsoron mutuwa ya sa na riƙe ta da ƙarfin da ban taɓa riƙe ta da shi ba. Na tura ta zuwa baki, bakin ya ƙi. Na sake turawa, sai leɓe ya yi rawa, miyau ya zubo. Na tattara duk abin da ya rage mini na ƙarfi na tura a karo na uku, sai na ji muryata ta fito tangaran, kowa a ɗakin ya ji, ta ce batir ne. Ban san wa ya faɗa ba. Ni dai ban aiko ta ba. Sai Baffa ya ja da baya yana innalillahi. Ya sake matsowa ya laƙanta, na sake yunƙurawa, maganar nan ta sake fitowa. Na ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana cewa ita dai ta sha jin malamai na faɗar irin wannan a wa'azi, yau ga shi ta gani da idonta, duniya ta bi yaro har bakin kabari.

Da na ga baki ya ci amanata sai na tuna da yatsa. Kowa ya san mai cikawa in harshe ya gaza yakan ɗaga manuniya, a shaida masa. Na nemi hannun dama ban same shi ba. Na hagu ne a sama, shi kaɗai yake amsa mini, sai na ɗaga manuniyarsa iya ƙarfina. Na ɗauka yanzu za a gane. Sai na ji wani dattijo ya yi salati, ya ce a duba, da hagu yake nuni, Allah ya raba mu da karɓar littafi da hagu. Baffa ya kama yatsan ya kwantar da shi, ya ja mayafi ya rufe hannun. Bai yi da mugunta ba. So yake ya suturta ni daga idon mutane.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har gobe ba na iya tunawa ban yi hawaye ba. Inna, wadda tun da ta haife ni ba ta taɓa zama kusa da ni a gaban mutane ba, ta taso daga bakin ƙofa ta ratsa maza ta durƙusa. Ta ɗora tafinta a kumatuna, ta kira ni da sunana na yanka. Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinta. Ta ce in dubi nonon da na sha in faɗa, ko sau ɗaya ne, ba ta neman komai a wurina bayan wannan, ta yafe mini duk abin da na yi mata da wanda ban yi ba. Ina kallonta, ina ihu a cikin kaina cewa na faɗa, Inna, ina kan faɗa. Na buɗe baki don in ba ta abin da ta roƙa, sai maganar kasuwar nan ta fito mata a fuska. Daga nan ta janye hannunta ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Ban mutu ba, kuma akwai ranakun da na yi fatan da na mutu tun a kan duwatsun Roni. Kumburi ya sace, na fara cin abinci, aka riƙa zaunar da ni a jingine da bango. Labari kuwa ya riga ya gama gari. Masu zuwa dubiya suka yi yawa, amma rabinsu kallo ya kawo su. Sai mutum ya zauna gabana ya karanto kalmar don ya ji abin da zan ce, in ta fito ya girgiza kai ya tafi ya ba da labari. Wasu suna hira a kaina kamar suna gaban turmi, a tattauna wa zai gaji rumfa, a tattauna ko matata za ta iya zama. Duk ina ji. Na gwada rubutu da hagu a ƙasa, sai na tarar haruffan ma sun watse mini, na boko da na ajami, ina ganinsu a raina amma hannu ba ya samo su. A cikin wannan hali abu ɗaya ne ya riƙe Inna. Ta ce ai yaron hankalinsa ya gushe, wanda kuwa hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a kama shi da abin da bakinsa ya faɗa. Da wannan take samun barci.

Matata ce ta fara lura cewa ina nan. Ta ga idona yana bin mai magana, ta ga hawaye na zubo mini daidai lokacin da aka faɗi abu mai zafi. Wata safiya ta sa hannunta cikin na haguna, ta ce in ina gane abin da take faɗa in matsa. Na matsa kamar zan karya mata yatsu. Ta yi ta tambaya ina amsawa, har ta tambaye ni inda na ajiye makullin rumfa na nuna mata da ido. Murna ta kama ta, ta ruga ta kira Baffa da Inna don su gani, ni ma ina ta murna, na ce yau za a wanke ni. Aka yi gwajin a gabansu, na ci duka. Baffa ya tambaye ni ko na yi imani da Allah da Manzonsa, na gyaɗa kai da sauri. Ya ce to in faɗa. Kun san abin da ya fito. Sai Baffa ya ce wannan ya fi na da muni. Da bebe ne da an karɓi nuninsa, da mahaukaci ne da an yi masa uzuri, amma ga hankali, ga harshe yana furta wata maganar sarai, kalma ɗaya ce kawai aka hana shi, to wannan hatimi ne aka buga. Na dubi Inna na ga abin da take dogara da shi ya zame daga hannunta. Ni da kaina, da matsa hannun nan da na yi, na ƙwace mata shi.

Daga ranar Inna ta shiga azumi ba ƙaƙƙautawa. Ta sayar da awakinta ta yi ta sadaka, aka yi ta kawo mini rubutu ina sha. Da damina ta faɗi suka koma ƙauye, ba a jima ba aka aiko cewa ta kwanta. Aka ɗora ni a bayan wata motar kaya aka kai ni, ina jan ƙafa ina dogara sanda. Na iske jikin ya yi nisa. Da hantsi ya yi aka ga alamar tafiya, na yunƙura zan shiga ɗakin, Baffa ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce in yi haƙuri in zauna a waje, kada bakina ya suɓuce ya zama shi ne abin da za ta ji na ƙarshe. Ban yi fushi da shi ba, domin ni ma tsoron bakin nawa nake ji. Na zauna a gindin katanga cikin rana, na cusa gefen rigata a baki na cije, ina jin ana laƙanta mata, ina jin siririyar muryarta tana amsawa. Ta cika da kalmar, alhamdu lillahi. Bayan an yi sutura ƙanwata ta gaya mini cewa kafin ta cika ta tambaya ko wancan ya faɗa. Ƙanwata ta buɗe baki za ta ce e, Baffa ya riga ta, ya ce tukuna. Inna ta ce Allah ya sa ya faɗa, ta juya fuska bango.

Maganata ta dawo ne ta inda ban zata ba. Bayan kaka, wata Juma'a ina zaune a ƙarshen sahu, liman ya kai ƙarshen Fatiha, jama'a suka ɗauki amin, sai na ji muryata a cikin tasu. Ban yi yunƙuri ba, tafiya kawai ta yi da ni. Daga nan na gane in ana karatu da yawa, da rauji, bakina yana iya bi, in ni kaɗai ne sai ya toshe. Matata ta riƙa zama tana karantawa ina bin ta kamar ɗan makarantar allo, har ranar da kalmar shahada ta fito daga farko zuwa ƙarshe. Muka zauna mu biyu muna kuka. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba, domin wadda ta roƙa ba ta nan.

Sai a lokacin wani abokina direba ya kai ni asibiti a Kano. Likitan da ya duba ni ya shafa ramin da ke gefen kaina, ya ce babu wani abin mamaki a nan, yana ganin irina. Ya ce wurin da ke haɗa magana ya aika wa harshe yana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kusa da wurin da ke motsa hannun dama, shi kuma wurin da ke fahimtar magana daban yake, shi ya sa ɗaya ya lalace ɗaya ya tsira. Ya ce maganar da baki ya saba da ita ƙwarai takan fita da kanta ba da izinin mai ita ba, wasu ma ashar ne yake fito musu, har da malamai. Wannan na gane shi da sauri, don na sha ganin rediyo tana kama tasha sarai amma wayar lasifika ta tsinke. Sai dai na tambaye shi, da 'yar maganata mai in'ina, cewa a cikin rediyo ai babu mai saurare, to a cikin kaina wane ne yake jin duk abin nan, a wane lungu yake zaune, kuma ina ya tafi a kwanakin da ba na nan. Ya yi murmushi ya ce sun san in aka taɓa nan gani ya tafi, in aka taɓa can magana ta tafi, amma yadda wannan tsoka mai kama da ƙwaƙwalwar rago take zama mai jin wari da tsoro da kunya, shi dai malamansa ba su gaya masa ba, kuma bai ji wanda ya gano ba. Ni da na taso ina nuna ƙirji in na ce raina, na dawo gida ban san inda zan nuna ba.

Na je ƙauye na durƙusa gaban Baffa na faɗi kalmar, na kuma gaya masa cewa tun ranar farko ina faɗarta, da abin da yatsan nan yake nufi. Tsohon nan ya yi kuka kamar yaro, ya ce in yafe masa, ya ce shi abin da ya ji ana faɗa ya faɗa. Na yafe masa, don ban taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Muka tafi maƙabarta tare, ya nuna mini kabarin, ya koma gefe. Na yi sallama na faɗa da ƙarfi, na sake faɗa. Ko ta ji, Allah ne masani. Ni dai da na taɓa kwanciya ina ji ana cewa ba na ji, ba ni da bakin da zan yanke cewa ba ta ji ba, kuma da wannan nake lallashin kaina.

Yanzu na tsufa, hannun dama bai dawo ba, jikata ce take rubuta mini wannan. Abin da na koya shi ne tsakanin mutum da harshensa akwai tafiya, kuma hanyar tana iya yankewa mutumin yana nan daram a ciki. Mukan auna cikawar mutum da abin da kunnenmu ya ji, alhali ba a ba mu ikon leƙa inda ake ajiye imani ba. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in kun zauna gaban wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya bugu a kai, ko wanda ake jiran cikawarsa, ku yi magana kamar yana jin kowace kalma, don mai yiwuwa yana ji. Ku laƙanta masa, amma kada ku tsare shi kuna jiran amsa kamar alƙali. In bakinsa ya faɗi shirme ku rufa masa asiri, kada ku ɗauka ku kai majalisa, kada ku yi wa'azi da shi. In ya ɗaga hannu ku karɓa, ko wanne ne. Ku kai shi asibiti tun da wuri, kada wani ya yanke muku cewa ba na asibiti ba ne. In kuma yana da uwa a raye, don Allah wani ya tashi ya je ya gaya mata cewa ɗanta yana nan a ciki, yana faɗa a inda ba ma ji. Tawa ta tafi ba wanda ya gaya mata.